Yadda gida da unguwa za su rage gudun annobar numfashi

A ƙarshen Disambar 2019 aka fara jin labarin wata baƙuwar cutar huhu a birnin Wuhan na ƙasar Sin, wadda daga baya aka sani da korona. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da ita a Legas, a jikin wani ɗan Italiya da ya shigo ta jirgin sama. Nijar ta sanar da mutum na farko ranar 19 ga Maris, Kano kuma ranar 11 ga Afrilu. Kafin Afrilun ya ƙare, masu haƙar kabari a Kano suna cewa aiki ya yi musu yawa. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a birnin cikin wannan ɗan tsakani, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona.

Makonni kaɗan ne tsakanin jin labari a rediyo da cikar maƙabarta. A waɗannan makonnin babu riga-kafi, gwaji bai wadata ba, gadajen asibiti ƙalilan ne. Abin da ya rage a hannu shi ne abin da maigida da uwargida da liman da mai unguwa suka yi ko suka ƙi yi. Annoba irin wannan ta zo a 1918, ta zo a 2009, ta zo a 2020, kuma ba mai hankalin da zai ce ta ƙarshe ke nan. Matakan da ke ƙasa na cutar da ke bin numfashi ne, wato dangin mura da korona. Inda Lassa ko Ebola suka bambanta zan faɗa.

Mataki na farko: ka san ta inda take shiga

Ƙwayar bairos ba ta rayuwa da kanta, sai ta shiga jikin mutum ta hayayyafa a hanci da maƙogwaro da huhu, sannan ta fito tare da numfashi. Tari da atishawa suna fitar da manyan ɗigon yawu da ke faɗuwa kusa, cikin mita ɗaya zuwa biyu. Amma magana da waƙa da karatu da ƙarfi, har ma da numfashi kawai, suna fitar da wasu ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ke yawo a iska na tsawon lokaci. Ka ɗauke su kamar hayaƙin turaren wuta: a tsakar gida nan da nan ya baje, a ɗaki mai rufaffiyar taga kuwa sai ya cika ko'ina, wanda ke can ƙurya ma ya shaƙa. Wanda ya riƙe wannan ya riga ya fahimci rabin aikin.

Abu na biyu ya fi wuyar karɓa. Mai korona yakan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji ba daidai ba, wasu ma har su warke ba su taɓa sanin sun kamu ba. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu kwana 2 zuwa 14 ne, galibi wajen kwana 5. Don haka guje wa mai tari kaɗai bai isa ba. Abokinka da kuka yi hira awa biyu a shago, lafiyarsa ƙalau a ido, yana iya zama shi ya kawo maka.

Sai lissafi. Idan kowane mai cutar ya sa wa mutum 3, kuma kowane zagaye na ɗaukar kwana 5, to za a tafi 1, 3, 9, 27, 81, 243, 729. Wata guda ke nan. Idan aka rage ya zama kowa mutum 2 yake sa wa, a ƙarshen watan 64 za a samu maimakon 729. Idan ya sauko ƙasa da 1, annobar ta fara mutuwa da kanta. Duk matakan da ke tafe manufarsu ɗaya ce, su sauko da wannan adadin. Babu wanda zai yi aikin shi kaɗai, taruwarsu ce ke yi.

Mataki na biyu: ka ƙirga mutanen gidanka, ka yi tanadi

Zauna da uwargida ku lissafa waɗanda cutar za ta fi yi wa illa: duk wanda ya haura shekara 60, mai ciwon suga, mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai asma ko tarin fuka, mai ciki, mai ƙiba sosai. A korona waɗannan ne suka fi mutuwa, matasa kuwa su ne suka fi fita su ɗauko. A gidan da kaka ke kwana ɗaki ɗaya da jikoki masu zuwa kasuwa, a canza wurin kwana tun kafin kowa ya kwanta ciwo.

Mai shan maganin suga ko na hawan jini ya tanadi na wata guda, kada ya tsaya da sha. A sayi sabulu, da farasitamol, da gishirin haɗi na gudawa, da ma'aunin zafin jiki, da bilic kwalba ɗaya. Idan da hali, gida biyar ko goma su haɗa kuɗi su sayi ɗan na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini, a ajiye ta wurin mutum ɗaya da kowa ya sani. A rubuta lambar hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya (NCDC), 6232, a bango, tare da lambar ma'aikacin lafiya mafi kusa da ta mai mota ko mai a-daidaita-sahu da zai amsa waya da tsakar dare. A kuma yanke tun yanzu wane ɗaki za a ware idan wani ya kamu.

Mataki na uku: iska

Wannan ne mafi araha, kuma shi aka fi sakaci da shi. A buɗe tagogi, musamman masu fuskantar juna, don iska ta ratsa. Fanka a ɗakin da aka rufe ba ta fitar da komai, juya iskar take yi. A sa ta kusa da taga tana hurawa waje. Ɗakin da ke da na'urar sanyaya ɗaki a kulle, irin na ofisoshi da bankuna, ya fi rumfar kasuwa haɗari.

Mu a nan Allah ya ba mu tsakar gida da inuwar bishiya da dakali. Baƙo ya zo, a shimfiɗa masa tabarma a waje. Karatun yara, cin abinci, hirar dare, duk a fito da su fili. Lokacin hunturu akwai jarabawa, don kowa na son toshe ƙofa ya kunna gawayi. A ƙara bargo, a bar taga ko da rabi ce a buɗe. A motar haya a sauke gilasai, ko da ƙura za ta shigo.

Mataki na huɗu: takunkumi, hannu da kayan da ake tarayya

Takunkumi yana aiki ne idan ya rufe hanci da baki da haɓa, ba tare da ɓaraka a gefen kumatu ba. Wanda aka sauke ƙarƙashin haɓa ba ya kare kowa. Mafi inganci shi ne samfurin da ake kira N95, sai na asibiti mai ruwan bula, sai na yadi mai ninki uku. Na yadi a wanke shi kullum da sabulu a shanya a rana, na asibiti in ya jiƙe a jefar. Inda ya fi amfani shi ne cikin mota, asibiti, layin banki, masallaci, da ɗakin mara lafiya. Kada a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba.

Wankin hannu da sabulu ne, na daƙiƙa 20 aƙalla, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, domin sabulu na farfasa kitsen da ya lulluɓe ƙwayar. Ruwa mai zuba ake so, wani ya zuba maka da buta ko a yi bokiti mai famfo a ƙofar gida. Kwanon ruwa ɗaya da kowa ke tsoma hannu kafin cin tuwo, a ajiye wannan al'adar har annoba ta wuce. Haka moɗar randa da kowa ke kafa baki: a ɗebo da ita a zuba a kofi, kowa da nasa. Musabaha ma a dakata, sallama da baki da hannu a ƙirji ta wadatar, kuma dattijon da ya fara yin haka ya sauƙaƙa wa na ƙasa da shi, don yaro ba zai iya ƙin miƙa wa babba hannu ba.

Don goge mariƙin ƙofa da buta da bakin masai, a zuba bilic na kanti cokali biyu na cin abinci a ruwa lita ɗaya. A haɗa sabo kullum. Kada a gauraya shi da wani sinadari, kada a fesa wa mutum a jiki, kada a sha.

Mataki na biyar: idan wani ya kwanta a gida

A nan ne yawancin yaɗuwar ke faruwa, don haka zan daɗe a kai.

Zazzaɓi, busasshen tari, ciwon maƙogwaro, ciwon jiki, kasala, ko ɗaukewar jin ƙamshi da ɗanɗano: da zarar an ga waɗannan a lokacin annoba, a ɗauka ita ce har sai gwaji ya nuna ba ita ba ce. Kada a jira sakamako kafin a ware shi. Amma a tuna zazzaɓin cizon sauro bai tafi hutu ba. A yi gwajin maleriya a ranar, musamman ga yara da masu ciki, domin mutum na iya ɗauke da duka biyun, kuma maleriya na kashe yaro cikin kwana biyu.

A kai shi ɗakin da aka ware, taga a buɗe. Idan gidan ɗaki ɗaya ne, shi ya zauna ciki kusa da taga, masu lafiya su koma rumfa ko tsakar gida. In hakan ba ta yiwu ba, a raba shimfiɗa da tazarar mita biyu, a rataya labule, a fara fitar da tsofaffi zuwa ɗakin maƙwabci ko ɗan'uwa a cikin unguwa. Mai jinya ya zama mutum ɗaya tak, mai ƙarancin shekaru da ƙoshin lafiya. Na san yadda abin yake a gidajenmu, uwa ba ta yarda wani ya yi jinyar ɗanta, ko da ita ce mai ciwon suga. A lallashe ta, a nuna mata cewa idan ta kwanta, ciwon nata zai fi nasa tsanani.

Mai jinya da mara lafiya duka su sa takunkumi duk lokacin da suke tare. A ware masa kwano da kofi da cokali da buta da tawul. Ya yi tari a cikin tsumma ko takarda ko gwiwar hannu, kada ya tofar da majina a tsakar gida. Idan masai ɗaya ne, ya shiga bayan kowa, a goge bayan ya fito. Kayan sawarsa a wanke da sabulu a shanya a rana, kada a kakkaɓe su kafin wanki. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, ta wanke hannu ta sa takunkumi.

Magani kuwa, ruwa da yawa, kunu, koko, romo, lemo, da hutu. Babba zai iya shan farasitamol mai 500 ƙwaya biyu duk bayan awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Yara a bi nauyinsu da umarnin ma'aikacin lafiya, kuma kada a ba su asfirin. Maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, irin kafso da mutane ke saye a kemis, ba ya taɓa bairos. A Maris 2020 an kwantar da mutane a Legas saboda sun yi wa kansu yawa da kulorokwin, kuma bincike ya nuna daga baya ba ya maganin korona. Dexamethasone gaskiya ne yana ceton rai, amma ga wanda ya kai matakin buƙatar oksijin a asibiti. Shan sa a gida da farkon ciwo na iya raunana garkuwar jiki ya kuma tayar da suga. Citta da kanumfari da zuma suna sanyaya maƙogwaro, a sha, sai dai kada a dogara da su a ƙi zuwa asibiti, kuma jaririn da bai shekara ba ba a ba shi zuma.

Dubiya a dakatar da ita. Wannan yana da ciwo, domin dubiya haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan'uwansa, kuma wanda bai zo ba ana riƙe shi a rai. A yi ta waya, a aiko da abinci a ajiye a zaure, a yi addu'a daga nesa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 ita ce killacewar kwana 10 daga fara ciwo, da ƙarin kwana 3 ba zazzaɓi ba tari. Idan sabuwar annoba ce, a saurari adadin da hukuma za ta faɗa.

Mataki na shida: ka san lokacin da gida ya gaza

Korona takan yi yaudara a mako na biyu: mutum ya ji sauƙi, sai kwana na 7 zuwa na 10 numfashi ya sarƙe. A riƙa duba shi safe da yamma da dare. A tafi asibiti nan take idan ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko ƙirji na masa ciwo ko nauyi, ko leɓe da harshe sun canza launi, ko ya rikice ko yana wuyar tashi daga barci, ko ya daina sha da fitsari. A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur: babba ya haura 30, haɗari ne. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Ɗan wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye. Na'urar yatsa ta nuna 94 ko ƙasa, a kira ma'aikacin lafiya. Ta kai 90, a tashi. Na'urar kan nuna adadi sama da gaskiya a baƙar fata, lalle ma na iya rikita ta, don haka in ta ce lafiya amma ido na ganin wahala, a bi ido. A kira asibitin kafin a isa, a sa masa takunkumi, a buɗe gilasan mota, mutum ɗaya ko biyu su raka shi.

Mataki na bakwai: bin sawu

Mara lafiya ya zauna ya tuna duk wanda ya yi kusa da shi na kamar minti 15 ko fiye, tun daga kwana biyu kafin ya fara jin ciwo. A kira su ɗaya bayan ɗaya a gaya musu, su zauna a gida, su nisanci tsofaffinsu, su yi gwaji. Ɓoyewa saboda kunya ita ke kai cutar gida na gaba. Unguwar da ke tsangwamar wanda ya faɗi gaskiya tana koya wa sauran su yi shiru.

Najeriya ta taɓa nuna amfanin wannan. A Yulin 2014 Patrick Sawyer ya shigo Legas da Ebola daga Laberiya. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma ta kamu ta rasu. Ma'aikata, da yawansu masu gogewa a yaƙi da shan inna, suka bi sawun mutum kusan 900 gida gida har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta kuɓuta. Ebola ta fi sauƙin bi saboda sai alamu sun bayyana take yaɗuwa, ta jini da amai da gudawa. Cutar numfashi ta fi gudu, don haka kiran waya a ranar farko ya fi na rana ta uku amfani nesa ba kusa ba.

Mataki na takwas: taro da tafiya

Mutum ɗaya a taro ɗaya na iya sa wa gommai. Biki da suna a taƙaita ko a ɗaga. A ɗaura aure da waliyyai da shaidu, walima ta jira. A masallaci a buɗe ƙofofi da tagogi, a yi sahu a harabar waje, kowa ya zo da dardumarsa da alwalarsa, liman ya taƙaita huɗuba, mai tari da tsoho mai ciwo su yi salla a gida. A 2020 Saudiyya kanta ta hana maniyyata daga waje zuwa Hajji.

Jana'iza tana buƙatar lura. A cutar numfashi, haɗarin yana wurin masu rai da suka cunkushe a zaure da ɗakin mata kwana uku ana gaisuwa, fiye da gawar. Masu wanka su zama kaɗan, da safar hannu da takunkumi, a yi salla a fili, a karɓi gaisuwa a waje a tsaye. A Ebola da Lassa kuwa gawar ce kanta haɗari, kada iyali su taɓa, a kira ma'aikatan lafiya.

Tafiya kuma, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya riga ya yanke hukunci: in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in ta ɓarke kuna cikinta kada ku fita don gudunta. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda haka, ya ce gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kwashe iyali daga birni a kai ƙauye wurin kakanni, kai musu cutar ne inda babu asibiti. An ga haka a Afrilu da Mayun 2020, lokacin da jihohin Arewa suka riƙa mayar da almajirai garuruwansu cunkushe a motoci, aka kuma samu da yawa daga cikinsu da cutar a Kaduna da Jigawa. Yaran ba su da laifi, tsarin kwasar ne ya cutar da su.

Mataki na tara: wanda aka ce ya zauna, a ciyar da shi

An kulle Legas da Abuja daga 30 ga Maris 2020, Ogun ta biyo baya bayan 'yan kwanaki, an kuma sa wa Kano cikakkiyar dokar kulle a ƙarshen Afrilu, cikin azumi. Ɗan dako da mai shayi da mai tura ruwa, abincin yau daga fitar yau yake zuwa, kuma ba dokar da za ta zaunar da mai yunwa. Nan aikin mai unguwa da limamai da matasa yake. A rubuta gidajen da aka killace da na marayu da na tsofaffi, a tara hatsi da kuɗi daga masu hali da zakka, a kai ƙofa ƙofa. Kada a tara jama'a wuri ɗaya ana rabo, don turmutsutsun rabon tallafi shi kansa taro ne. Ranar da aka buɗe kasuwa, mutum ɗaya ya yi wa gida uku cefane da sassafe.

Mataki na goma: labari da riga-kafi

Saƙon WhatsApp da ba a san tushensa ba, kada a tura. A Agustan 2014 an yaɗa cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare Ebola. Mutane sun mutu, wasu suka kwanta asibiti. A tambayi ma'aikacin lafiya da aka sani, a saurari sanarwar hukuma a rediyo.

Shakkun mutanenmu kan riga-kafi yana da tushe, tun gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996. Mai shakka a saurare shi, kada a yi masa dariya. Amma a tuna masa cewa dakatar da rigakafin shan inna a 2003 ya sa cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma riga-kafin ne ya kai Afirka ga kuɓuta daga ƙwayar shan inna ta asali a Agustan 2020. Allurar korona ta iso Najeriya ranar 2 ga Maris 2021. Ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, amma tana rage kwanciya asibiti da mutuwa ƙwarai.

Idan ta samu, a fara kai waɗanda aka lissafa a mataki na biyu. A gaya wa mai allurar duk ciwon da mutum ke da shi da maganin da yake sha, a zauna minti 15 zuwa 30 bayan an yi kafin a tafi. Ciwon dantse da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, farasitamol ya isa. Jiki na ɗaukar kamar mako biyu kafin kariyar ta kankama, don haka a ci gaba da takunkumi da buɗe taga a wannan tsakanin. A adana katin, a rubuta ranar allura ta biyu a bango kusa da lambobin waya, a kuma sa wani matashi a gidan ya ɗauki nauyin mayar da tsofaffi a ranar.